Ikilisiya, Mace da Gona: Sharhi kan Tauhidin Kirista da Raya Karkara a Dakoro da Ƙasar Maraɗi

Duk lokacin da aka ji cewa wata ƙungiya mai alaƙa da Kiristoci za ta shigo wani ƙauye a gundumar Dakoro da aikin rijiya, ko asusun mata, ko awon yara, magana takan rabu gida uku tun kafin a fara aikin. Wasu Musulmi su ce tarko ne, an biyo ta hannun mata don a raba su da addininsu. Wasu dattawan ikilisiya kuma, da zarar sun ji an ambaci jinsi, sai su ɗaure fuska, su ce Turawa ne suke son mace ta fi ƙarfin mijinta. Ma'aikatan furoje da yawa, su kuwa, suna ɗaukar addini ko wane iri a matsayin shingen da za a kewaye a wuce. Kowane ɓangare yana riƙe da ɗan abin da ya gani da idonsa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Ra'ayin da wannan sharhi zai kare shi ne cewa a ƙasar Maraɗi, abin da Kiristoci suka yi imani da shi game da mace ana auna shi ne a wurare uku: gona, shekarun aure, da lafiyar jikin mai haihuwa. Ikilisiyar da ta ci wannan jarrabawa a cikin gidanta tana da abin da za ta kawo wa maƙwabtanta. Wadda ta faɗi, yawan rijiyoyin da ta gina ba zai rufe mata wannan giɓi ba.

Ma'anar kalmomin

Tauhidi a bakin Musulmi shi ne kaɗaita Allah. Kiristocin ƙasar Hausa sun ari kalmar suka faɗaɗa ta, don haka idan sun ce ilimin tauhidi suna nufin dukan nazarin abin da Littafi Mai Tsarki yake koyarwa game da Allah, da mutum, da zunubi, da ceto, da yadda ya kamata a zauna da juna. Da wannan ma'ana ta biyu ake amfani da kalmar a nan. Ikilisiya ita ce taron masu bi, majami'a kuma ginin da suke sujada a ciki. Mishan ƙungiya ce ta masu wa'azin bishara da suka zo daga wata ƙasa.

Jinsi ita ce kalmar da ta fi jawo ruɗani. A bakin masu aikin raya ƙasa, ba halittar namiji da mace ake nufi ba, domin wannan a fili take. Ana nufin rabon aiki da iko da dukiya da al'umma ta tsara wa kowannensu: wa yake ɗebo ruwa, wa yake riƙe makullin rumbu, wa yake gadon gona, wa ake tambaya kafin a sa ranar aure. Wannan rabo yana canzawa daga wuri zuwa wuri. A Dakoro kanta, matar Bahaushe manomi da matar Bafulatani makiyayi ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma ikonsu a kan dukiya ya bambanta, tunda a rugar Fulani nono da kuɗinsa na mace ne. Abin da ya bambanta tsakanin ƙauye da ruga mai nisan tafiyar hantsi, ba za a ce Allah ne ya ƙaddara shi iri ɗaya ga kowa ba. Raya al'umma kuwa shi ne mutanen wuri su sami ƙarfin biyan bukatunsu na ruwa, abinci, lafiya da karatu ba tare da jiran motar agaji ba. Furoje kalma ce daga Faransanci da mutanen Nijar suke kiran aikin da wata ƙungiya take yi da kuɗin waje na ɗan lokaci. Furoje yakan ƙare a shekara uku ko biyar, raya al'umma kuwa aiki ne na tsara zuwa tsara.

Yadda aka faro

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, Kiristoci ba su kai kashi 1 ba. Duk da haka jahar Maraɗi tana cikin wuraren da Kiristanci na Hausawa ƴan ƙasa ya fi daɗewa. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka faro a 1893, ta shiga Nijar ta Damagaram a 1924, sannan a ƙarshen shekarun 1920 ta kafa tasha a Tsibirin Gobir. Daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, kuma da shi aka koya wa masu bi na farko karatu. A daidai lokacin samun ƴancin kai aka kafa ikilisiyar ƴan ƙasa da ake kira EERN. Ɗarikar Katolika kuma ta ware Maraɗi a matsayin yankin bishop mai zaman kansa a 2001, aka naɗa Ambroise Ouédraogo a kansa.

Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi kuma ta fitar da littafi kan Kiristocin wannan yanki a 2006, ta nuna cewa ƴan mishan na farko ba su zo da niyyar raya ƙasa ba. Sun fito daga ɓangaren Kiristocin Amurka da Kanada masu tsananin ra'ayi, waɗanda suke ganin aikin gyaran duniya zai iya shagaltar da mutum daga ceton rai. Magani da makaranta a wurinsu ƙofa ce ta shiga da wa'azi. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin shi ne tushen zargin da Musulmi suke yi har yau, kuma Kirista mai gaskiya ba zai ce zargin ya fito daga iska ba. Wani abin lura shi ne cewa mata marasa aure suna da yawa ƙwarai a cikin ƴan mishan ɗin. Su ne suke ba da magani, su koyar, su yi wa'azi a ƙauyuka, alhali koyarwar ƙungiyarsu ba ta yarda mace ta shugabanci maza a ikilisiya ba. Wannan saɓani tsakanin abin da ake koyarwa da abin da ake gani da ido ya shiga jinin ikilisiyoyin ƙasar Hausa tun daga farko.

Ra'ayin ya sauya a hankali. A taron Lausanne na 1974, Kiristoci masu bishara daga ƙasashe da yawa suka amince cewa wa'azi da kula da halin da talaka yake ciki duka nauyi ne a kan mai bi, kuma malaman Latin Amurka irin su René Padilla suka matsa a kan haka. A ɓangaren Katolika, wasiƙar Fafaroma Paul na 6 ta 1967 ta riga ta ce ci gaba na gaskiya dole ya shafi mutum gaba ɗayansa da kuma dukan mutane. Farin shekarun 1970 da yunwar 1984 suka sa wannan magana ta zama ta dole a Nijar.

Karatu biyu na littafi ɗaya

Kiristoci ba su da baki ɗaya a kan matsayin mace, kuma yana da kyau mai karatu ya san inda suka rabu. Kashi na farko suna cewa namiji da mace darajarsu ɗaya a gaban Allah amma aikinsu daban: shugabancin gida da na ikilisiya na namiji ne. Hujjarsu tana cikin wasiƙun Manzo Bulus, musamman Afisawa sura 5, inda aka umarci mata su yi wa mazajensu biyayya, da 1 Timoti sura 2, inda aka hana mace koyar da maza. A Amurka an tsara wannan ra'ayi a wata sanarwa ta garin Danvers a 1987. Manyan ikilisiyoyin da suka fito daga SIM, irin su ECWA ta Najeriya, ba sa naɗa mace fasto, Katolika ma ba ta naɗa mace firist. Kashi na biyu suna cewa mulkin namiji a kan mace ya bayyana ne a Farawa sura 3, bayan faɗuwar Adamu, don haka sakamakon zunubi ne, ba tsarin asali ba. Suna kafa hujja da Farawa sura 1, inda aka ce an halicci namiji da mace duka cikin siffar Allah, abin da Kiristoci suke fassarawa da daraja da hankali da wakilci a bayan ƙasa, da kuma Galatiyawa sura 3, inda Bulus ɗin nan dai ya ce bambancin namiji da mace ba ya raba masu bi. Suna kuma nuna matan da Sabon Alkawari ya ambata da aiki a hannunsu, irin su Fibi da Lidiya. A Afirka, Mercy Amba Oduyoye ta ƙasar Gana ta tara mata masu ilimin tauhidi a birnin Akkara a 1989, suka kafa da'irar da ta ƙara tambaya ta uku: wane ɓangare na abin da ake kira koyarwar Littafi al'adarmu ce kawai da muka sa wa rigar addini?

Wannan gardama ta gaskiya ce, kuma ba za ta ƙare gobe ba. Amma a ganina kuskure ne a ɗauko ta yadda ake yin ta a Amurka a dasa a Kornaka ko Sabon Mashi, kamar babbar matsalar macen karkara ita ce ko za ta hau bagadi ta yi wa'azi ran Lahadi. Akwai abubuwan da ɓangarorin biyu ba su da hanyar musantawa idan har littafin da suke riƙe da shi ne alƙalinsu. Surar Afisawa da ta yi maganar biyayya ita ce ta ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa har ya ba da ransa dominta, kuma ya kula da ita kamar jikinsa. Mai cewa shi ne shugaban gida ya ɗauki nauyin da ya fi na kowa, kuma a kan wannan nauyi ne ya kamata a tuhume shi.

Gona

Dakoro tana kan iyakar noma da kiwo. Dokar 1961 da ta shata iyakar arewa ta noma ta ratsa ta wannan yanki, kwarin Tarka kuma wuri ne da manoma da makiyaya suka daɗe suna gogayya a kansa. Mutanen kudancin Maraɗi da ƙasa ta yi wa kaɗan suna ta matsowa arewa, ruwan sama kuma ba shi da tabbas. A tsarin Hausawa na da, akwai gandu, gonar gida da kowa yake yi wa aiki a ƙarƙashin maigida, akwai kuma gamana, ɗan filin da ake ba mace ko saurayi ya noma wa kansa. Daga gamana mace take samun hatsin da take rufa wa kanta asiri, da kuɗin biki, da akuyar da za ta sayar ran da yaro ya kwanta ciwo. Masu bincike biyu, Marthe Diarra da Marie Monimart, sun nuna a rubuce-rubucensu na 2004 da 2006 cewa a ƙauyukan kudancin Maraɗi, da gonaki suka ƙanƙance, gamanar mace ce ta fara ɓacewa. Har aka sami abin da ake kira kullen gona: a hana mace zuwa gona da sunan addini, alhali tana fita rijiya da daji neman itace. Dalilin na ainihi ƙarancin ƙasa ne, addini ya zo daga baya ya ba shi suna mai kyau. Binciken ya kuma nuna wani abu da ya kamata Kiristoci su tsaya su duba: mata da yawa sun koma ga shari'ar gado ta Musulunci don su karɓi rabonsu na gona, tunda ta yanka wa ɗiya rabin rabon ɗa, alhali al'ada sau da yawa ba ta ba ta ko taki ɗaya.

To ina macen Kirista a nan? Sabon Alkawari bai zo da lissafin gado ba, kuma kotunan Nijar a harkar iyali da gado sukan bi al'adar masu ƙara. Wannan yana nufin idan ikilisiya ta yi shiru, gwauruwa Kirista da ɗiyanta mata za su iya tashi da abin da bai kai na maƙwabciyarsu Musulma ba. Alhali littafinsu bai yi shiru ba. Littafin Ƙidaya sura 27 ya kawo labarin ƴaƴan Zelofehad mata su biyar, waɗanda ubansu ya mutu bai bar ɗa namiji ba, suka kai kuka gaban Musa, aka hukunta cewa suna da gaskiya, aka ba su gādon ƙasa. Macen kirki da Karin Magana sura 31 yake yabo, wadda ake karanta wa amare a kusan kowane ɗaurin aure, mace ce da take duba gona ta saya da kuɗin hannunta, tana ciniki, tana ba talaka. Faston da yake karanta wannan sura sannan ya zauna a rabon gado ya ga an hana ɗiya mace gona bai ce komai ba, ya karanta rabin littafinsa ne.

A harkar gona ne kuma aikin Kiristoci ya bar alama mafi girma a ƙasar Maraɗi. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zo aiki da SIM a farkon shekarun 1980, ya gaji da dasa itatuwan da suke mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai da saiwa mai zurfi. Idan aka zaɓi ƴan rassa aka bar su, aka datse sauran, itace zai tashi. Wannan shi ne sassabin zamani. Shi da kansa yana danganta aikin da imaninsa cewa ƙasa amanar Allah ce a hannun mutum. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, kuma da abincin ya ƙare manoma da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka ga amfani, daga nan dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi, har aka ƙiyasta ta kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Rinaudo ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Kusan dukan manoman da suka yi wannan aiki Musulmi ne, ba a kuma nemi kowa ya canza addini ba. Mata sun amfana, domin itacen girki ya matso kusa, ga ganyen miya da abincin awaki. Sai dai a lura da iyakar abin: itacen da ya tashi a gona na mai gonar ne. Macen da ba ta da gamana ta sami sauƙin tafiya, amma ba ta sami dukiya ba. Dabarar noma, komai kyanta, tana bin layin rabon da ta tarar.

Aure da haihuwa

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin 15. A jahar Maraɗi adadin farko ya kai kashi 89, kuma mace takan haifi ƴaƴa fiye da 8 a matsakaicin lissafi. Dokar farar hula ta ƙasar ta sa shekarun auren mace 15, na namiji 18. Yunƙurin kafa dokar iyali ya ci tura fiye da sau ɗaya, majalisa kuma ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da ƙudurin kare karatun ɗiya mace har zuwa shekara 16. Iyayen da suke aurar da yarinya da wuri ba mugaye ba ne. Suna tsoron abin kunya, makarantar gaba da firamare tana nesa, ba su da wanda za su ba amanar ɗiyarsu a gari, rumbu kuma ba ya kai su kaka. Kiristan ƙauye yana cikin wannan matsi daidai da maƙwabcinsa, har ma da ƙari, domin tsoron kada ɗiyarsa ta rasa miji a cikin ƴan tsirarun masu bi.

Sakamakon yana zuwa asibiti. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba, idan naƙuda ta yi kwana biyu ko uku a ƙauyen da ba mota, jaririn yakan mutu, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Sau da yawa miji ya sake ta, mutane su guje ta saboda wari. A 2012 aka buɗe cibiyar aikin yoyon fitsari a Danja, a harabar tsohon asibitin kutare, da haɗin gwiwar SIM da wata gidauniya ta Amurka. A Maraɗi kuma wata ƴar ƙasar Senegal, Uwa Marie-Catherine Kingbo, ta kafa ƙungiyar sistoci ƴan Afirka a 2006, waɗanda suka yi aikin ciyar da yara da karatun ƴan mata a ƙauyuka, suna zama da hakimai da limamai a kan auren wuri. Kiristoci suna da labari a Markus sura 5 na macen da ta yi shekara 12 tana zubar jini, wadda dokar tsarki ta ware daga jama'a, Yesu kuma ya tsaya a cikin taro ya kira ta ɗiyarsa. Wannan labari ya isa hujjar ɗinke mai yoyon fitsari. Ina ganin ya isa kuma hujjar hana abin faruwa, wato fasto ya ƙi ɗaura auren yarinyar da ba ta kai ba, ko da uban yarinyar dattijon ikilisiya ne. Yin tiyata ya fi sauƙi a kan wannan, domin tiyata ba ta ɓata wa kowa rai.

Akwai kuma tabon da ikilisiya ta bari da hannunta. Ƙa'idar mace ɗaya ta sa a da ana hana mai mata biyu baftisma sai ya rabu da sauran, kuma wadda aka sallama ita take ɗaukar hasarar, ita da ƴaƴanta. Ɗarikar Angilika ta sassauta wannan a taron Lambeth na 1988, ta yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa, da sharaɗin ba zai ƙara ba. Darasin shi ne koyarwa tana iya zama daidai a idon masu ita, amma hanyar aiwatar da ita ta zalunci mai rauni.

Amsa ga masu suka

Suka ta farko ita ce ta tarko. An riga an ce tana da tushe a tarihi. Amsarta ba a baki take ba, a ƙa'idar aiki take: kada a haɗa magani ko abinci da sharaɗin sauraren wa'azi, kada a tara mata ko yara a ɓoye wa mazaje da iyaye, a sanar da maigari da liman abin da ake yi tun farko. Wannan ba dabarar zaman lafiya kawai ba ce, tauhidin Kirista kansa yana bukatar ta, domin imanin da aka saya da buhun hatsi ba imani ba ne a ma'aunin Linjila. Tarihin Maraɗi ya nuna tsadar rashin yarda. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe ta faɗa kan majami'a da mashaya da gidajen mata marasa aure. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, a Yunin 2019 kuma aka ƙona wata a unguwar Zariya ta Maraɗi bayan kama wani limami. Abin da ya faru a 2000 ya nuna cewa idan rikici ya tashi, tsirarun addini da mata marasa gata sukan faɗa hannu ɗaya.

Suka ta biyu daga cikin ikilisiya take fitowa: wai maganar jinsi kayan Turawa ce. Gaskiya ne wasu masu ba da kuɗi suna zuwa da manufofin da Kirista da Musulmin Nijar ba za su karɓa ba, kuma suna da ƴancin ƙi. Amma gadon ɗiya mace da lafiyar mai naƙuda ba Bature ne ya kawo su ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru don karantar da matan karkara tun kafin mishan ya taka ƙasar Hausa. A cikin ikilisiya kuma Zumuntar Mata, wadda ta yi ƙarfi a arewacin Najeriya da Nijar, ita ce take ziyarar marasa lafiya, take tara gudummawa, take riƙe waƙa da biki. Matan da suke ɗauke da rabin aikin ikilisiya ba baƙi ba ne da za a ce an zuga su daga waje.

Suka ta uku ta fi ƙarfi: me ya kawo tauhidi cikin aikin da ake iya yi ba da shi ba? Masu wannan ra'ayi suna da babban misali. Mata Masu Dubara, tsarin asusu da bashi da ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 bisa tsohuwar al'adar adashi, ba na addini ba ne, kuma ya yi nasarar da aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa. Ikilisiyoyi ma daga gare shi suka koya. Sai dai asusu yana ba mace kuɗi ne, ba ya ba ta izinin fita, ba ya hana miji karɓe ribar, ba ya buɗe rumbun da maigida ya kulle ya tafi cin rani, abin da aka yi ta ba da labarinsa a yunwar 2005, shekarar da Dakoro ta kasance cikin garuruwan da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa. Abin da namiji yake ganin halal ne ko haram a gidansa, daga bakin malaminsa ko fastonsa yake jin sa. Masu aikin raya ƙasa sun gane haka, shi ya sa aka fara makarantar mazaje a jahar Damagaram a 2008 da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, don a sa maza cikin maganar awon ciki da haihuwa a asibiti. Wanda ya kewaye addini a wannan ƙasa ya bar wa wasu filin da ake yanke hukunci.

Abin da zai iya biyo baya

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 tallafin ƙasashen Yamma ga Nijar ya ragu, a 2025 kuma Amurka ta rushe yawancin ayyukan hukumarta ta agaji. Furoje zai yi ƙaranci, abin da zai rage shi ne abin da yake da saiwa a gari: masallaci, majami'a, fadar hakimi, ƙungiyoyin mata. Kiristocin Dakoro da Maraɗi ba su da yawan da za su sauya dokar ƙasa, kuma bai kamata su yi mafarkin haka ba. Ƙarfinsu shi ne misali. Idan aka ga cewa a gidajensu ɗiya mace tana gama makaranta, gwauruwa tana riƙe gonar mijinta, mai naƙuda ana kai ta asibiti tun da wuri, maƙwabta za su lura, kamar yadda manoma suka lura da gonar da aka bar wa itace. Idan kuwa aka ga suna wa'azin darajar mace a taron furoje amma gidajensu ba su bambanta ba, zargin tarko zai ƙara ƙarfi, kuma da hujja.

Kira a nan ga majalisun dattawan ikilisiya ne da makarantun horar da fastoci na jahar Maraɗi: su rubuta ƙa'ida a fili kan gādon ɗiya mace da gwauruwa, su tsayar da shekarun da ba za a ɗaura aure ƙasa da su ba, su sa wakilan Zumuntar Mata a cikin kwamitin da yake riƙe kuɗi da filaye. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake jiran a gama gardamar naɗa mace fasto, ba kuma wanda yake bukatar kuɗin waje. Malaman Musulunci da hakimai, su ma, idan an gayyace su zama a kan auren wuri da gonar mata, su amsa gayyatar, domin ƴaƴansu ne suka fi yawa a layin asibitin Danja.